Ƙofofi Huɗu a Ƙasan Waya

Bodinga, 4 ga Rajab

Zuwa ga jikata Zulai, malamar kwamfuta a Shagari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jaririyar da har yanzu ba a kawo mini na sa mata albarka ba. Mu nan sai godiya. Uwargidana Hajiya Altine ta yi fama da ciwon gwiwa, amma ta miƙe, har ta koma faɗa da awakinta, wanda a gidan nan shi ne shaidar samun sauƙi.

Ranar da kika kira ni kika ce kin haɗa manhaja domin malaman Islamiyya, kina so in duba launinta da haruffanta kafin ki miƙa wa jama'a, na ce miki zan rubuto, kika yi dariya. Ki yi haƙuri da tsoho. Na ƙare aikina ina koyar da rubutun hannu, kuma ban iya ba da shawara da baki a waya ba. Kakanki marigayi, ɗan baffana, shi ma haka yake. Maniru direba yana bi ta Shagari kusan kullum, shi zai riƙa kai miki wasiƙuna.

To, na duba. Zirin nan da kika sa a ƙasan fuskar wayar, mai ƙofofi huɗu, Gida da Darussa da Sanarwa da Saiti, tsari ne mai kyau, domin mutum ba ya ɓata. Koren da kika rubuta sunayen ƙofofin da shi a kan fari ya kwanta mini a rai. Sai dai haruffan sun yi siriri ƙwarai, kamar ƙafafun balbela. Yawancin malamanmu sun manyanta. Ki nemo masu kauri, waɗanda ke zaune daram a kan layi, ba masu ado da lanƙwasa ba.

Akwai kuma wata 'yar tambaya, ba mai nauyi ba. Cikin waɗanda kika ba manhajar su gwada, ko akwai wanda ya ce miki wani lokaci sunayen ƙofofin nan suna dusashewa, har mutum ya yi ta lalube bai gan su ba, alhali rubutun da ke sama yana nan garau? Don sani kawai na tambaya. Ba sai kin tambayi Hajiya ba.

Allah ya yi miki albarka.

Kakanki,
Abdulƙadir

*

Shagari, 8 ga Rajab

Zuwa ga Kaka Malam Abdulƙadir,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Hajiya, Allah ya ƙara mata sauƙi. Jaririya tana lafiya, sai dai tana cewa tsohon da ke ƙorafin ba a kawo ta ba bai aiko da ko kwalli ba.

Na bi umarninka, ga shi na ɗauki biro. Rabona da rubuta wasiƙa da hannu tun ina makaranta, don haka kada ka sa mini jan biro.

Game da tambayarka, babu wanda ya ce mini rubutun yana ɓacewa. Malamai da dama sun gwada a nan Shagari da Kajiji, na kuma buɗe tawa wayar na duba ta kowace fuska, ƙofofin suna nan. Amma na gane abin da kake nufi, Kaka. Na san halinka, ba ka son ka ce wa mutum aikinsa bai yi ba, sai ka zagaya. Koren ne bai fito sosai a kan fari ba, ko ba haka ba?

Saboda haka na cire shi. Yanzu sunayen ƙofofin shuɗi ne mai duhu, kamar rinin baba, na kuma sa haruffa masu kauri yadda ka ce. Ba sai ka taɓa komai ba. Da zarar wayarka ta samu data, manhajar za ta sauya da kanta. Ka duba ka faɗa mini gaskiya, ban da kara.

Jikarka,
Zulai

*

Bodinga, 17 ga Rajab

Zuwa ga jikata Zulai,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na jira amsarki ban samu ba, Maniru ma ban sake ganin motarsa a tasha ba, don haka wannan zan ba wani ɗan'uwansa direba. Ban zarge ki ba, na san aiki da goyo.

Tambayar da na ce miki ba mai nauyi ba ce, ta yi nauyi. Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa a gidan nan ba, domin nisan da ke tsakaninmu ya sa faɗarsa ta fi mini sauƙi.

Mahaifina ya rasa ganinsa kafin ya rasu. Abin bai zo masa gaba ɗaya ba. Daga ƙasa ya fara. Yana ganin fuskar mai gaishe shi, amma ya yi tuntuɓe da butar da ke gabansa. Lokacin da na ga rubutun ƙasan wayar nan yana guje mini, na sama kuma yana nan, shi na tuna.

Yanzu kuma wani sabon abu ya ƙaru wanda ya ɗaure mini kai. Na rubuto miki da hannuna cewa sunayen ƙofofin kore ne. Ina tuna haka sarai. Makon jiya na buɗe da safe, sai na gan su shuɗi, shuɗi mai duhu, haruffan kuma sun kumbura. Na goge tabarau, na fita tsakar gida, na ɗaga wayar a rana, shuɗi ne. Na dubi ganyen darbejiya, na gan shi kore yadda na san shi. To wanne zan gaskata? Kuma a da idan rubutun ya dusashe nakan ga ɗan alamarsa in na ƙura ido. Yanzu idan ya tafi, ya tafi ke nan, babu ko inuwa.

Ga inda damuwata take. Kin sani ni ke jan baƙi a tafsirin azumi na masallacin unguwarmu, ina karanta aya Liman yana fassarawa, tun kafin a haifi mahaifiyarki. Ni ba mahaddaci ba ne, da ido nake karatu. Idan layin ƙasa ya ɓace mini a tsakiyar aya, a gaban jama'a, na tsallake maganar Allah ko na sauya ta, wa zan ce ya jawo? Azumi kuwa ya kusa. Ina tunanin in je wa Liman tun da sauran lokaci, in ce ya nemi wani.

Hajiya ta lura ba na cinye tuwona. Jiya ta ce, “Malam, mi as same ka? Kullum kai da wagga waya, kana zare mata ido awa ta ci maka amana.” Na ce mata aikin jikarmu nake dubawa. Ban yi ƙarya ba.

Ki amsa mini abu ɗaya: kore ne, ko ba kore ba ne?

Kakanki,
Abdulƙadir

*

Shagari, 21 ga Rajab

Kaka,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai jaririya da ke zazzaɓin haƙori, shi ya hana ni hawa mota in zo yau ɗin nan.

Wasiƙarka ta tayar mini da hankali. Ashe tawa ba ta iso ba? Na ba Maniru hannu da hannu. Na kira ka jiya in yi bayani, ka ce, “Lafiya lau, ki rubuto, muna cikin mutane,” ka kashe. Na sake kira, wayar a rufe.

Kaka, ni na sauya launin. Kore ne a da, ni na mayar da shi shuɗi, ni na ƙara wa haruffan kauri, domin na ɗauka koren ne ba ka so. Idonka bai yi maka ƙarya ba. Yanzu da na karanta cewa shuɗin ya fi ɓace maka, na sake mayar da kore, na dai ƙara masa duhu kaɗan don ya fito sosai a kan fari.

Amma maganar ɓacewar ce ban gane ba. Na zauna da wayoyi uku a gabana a ofishin malamai, na buɗe, na rufe, na juya su, rubutun bai tafi ko'ina ba. Shuɗi mai duhu a kan fari kuwa ai ya fi kore fitowa, ta yaya zai fi ɓacewa? Ko wayarka ta faɗi ƙasan gilashinta ya tsage? Ko a wane lokaci abin yake faruwa, kana zaune ko kana kwance, a ɗaki ko a waje?

Don Allah kada ka je wurin Liman tukuna. Ka bari mu gane kan abin. Idan ido ne, akwai asibiti a Sakkwato, ni zan raka ka.

Jikarka mai biyayya,
Zulai

*

Bodinga, 2 ga Sha'aban

Zuwa ga jikata Zulai,

Assalamu alaikum. Allah ya ba jaririya lafiya, ya sa haƙoran su fito da sauƙi.

Wasiƙunki biyu sun iso rana ɗaya. Motar Maniru ta lalace a Jega, ta farkon tana cikin aljihun motar duk wannan lokaci, ta biyun kuma ta kwana a tasha har ya dawo ya haɗa su. Na fara buɗe ta biyun ban sani ba, na karanta cewa kin mayar da kore, sannan na buɗe ta farkon na karanta cewa kin cire kore. Na daɗe zaune da takardu biyu a hannu kafin in lura da kwanan wata.

Sai dai sun zo a makare. Bari in ba ki labari bi da bi.

Kafin isowarsu, wata safiya na buɗe wayar na ga kore ya dawo. Zulai, na yi sujada ta godiya. Na ce ciwon ya juya. Ranar na ci abinci har Hajiya ta ce, “To, yau an shirya da tukunyata.” Da yamma na sake dubawa, babu ƙofa ko ɗaya. Sai na ce wa kaina idon da yau ya ga shuɗi, gobe kore, jibi babu, ba idon da za a dogara da shi a kan Littafin Allah ba ne.

Ranar Juma'a bayan salla na tsayar da Liman, a gaban dattawan masallaci, na ce ganina ya fara rauni, a ba Shamsuddeen jan baƙin bana. Kin san shi, tsohon ɗalibina ne, yanzu magidanci, yana koyarwa a Sifawa. Liman ya ce, “Malam, ka tabbata?” Na ce na tabbata. Aka yi addu'a, aka shafa.

Yanzu kin warware mini maganar launi, na gode, ko da yake kunya ta kama ni. Amma ɓacewar tana nan, ke ma kin ce ba ki gane ta ba. Gilashin wayar bai tsage ba. A zaune nake dubawa, a ɗaki ko a waje duk ɗaya. Lokacin kuwa, ban taɓa ganin abin da rana ba. Kullum bayan Magariba ne, sa'ad da wayar ta mayar da farar fuskarta baƙa, kamar yadda wayoyi ke yi idan rana ta faɗi. Darussa nakan karanta su, fari a kan baƙi, amma ƙasa babu komai. Ina jin wannan shi ake kira dundumi.

Maganar asibiti, bayan Salla in Allah ya kai mu.

Kakanki,
Abdulƙadir

*

Shagari, 4 ga Sha'aban

Kaka,

Assalamu alaikum. Jaririya ta warware. Wannan takardar ba ta mota ba ce, wani malaminmu mai zuwa Bodinga a babur na roƙa ya sa maka a hannu.

Kaka, ba duka wayoyi ke yin baƙi da yamma ba. Tawa ba ta yi. Na malaman da suka gwada ma ban ga mai yi ba, kuma duk gwajin da na yi da rana na yi shi. Wanda ya saita maka wayar ne ya sa ta riƙa sauya fuska idan rana ta faɗi.

Ga abin da ya faru. Manhaja tana da riga biyu, ta rana da ta dare. Ni ta rana kaɗai na ɗinka. Na ce sunayen ƙofofi su zama kore, ban ce mata komai ba game da dare. Idan wayarka ta koma baƙa, sai fagen ya zama baƙi, rubutun ƙofofin kuma ya tsaya a launinsa mai duhu. Tawada mai duhu a kan baƙin allo, Kaka, wa zai gani? Duk lokacin da na ƙara masa duhu don in taimake ka, ƙara binne shi nake yi. Kuskurena ne, ba idonka ba.

Na gyara. Amma kada ka kunna data tukuna. Ka bari a yi Magariba, ka miƙa wa Hajiya wayar, ka tambaye ta abin da ta gani a ƙasa. Bayan haka ka kunna, ka ɗan jira, ka sake dubawa.

Sannan gobe da sassafe ka je wurin Liman. Ka nuna masa wannan takardar in ya so. Ka yafe mini.

Jikarka,
Zulai

*

Bodinga, 3 ga Ramadan

Zuwa ga jikata Zulai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi muku barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadarmu. Mu nan lafiya lau. Na jinkirta amsa ne domin ina so in rubuto miki abin da ya tabbata, ba abin da nake saƙawa ba.

Na yi yadda kika ce. Na miƙa wa Hajiya wayar bayan Magariba. Ta kai ta nesa, ta kawo ta kusa, ta ce, “Mi zan gani? Babu komi nan sai duhu.” Na ce ta ƙara dubawa. Ta ce, “To ko ni ma na makance, mu tahi asibitin tare?” Sai na kunna data. Ba a jima ba ƙofofin huɗu suka fito, fari tas a kan baƙi, wadda nake ciki kuma ruwan ƙwai. Na karanta su da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya. Daga nan dole na ba ta labarin duka. Ta saki baki tana dubana, ta ce, “Wanga ɗan abu ya hana ka cin tuwona wata guda? Kana da mata cikin gida, mai ido biyu, ka tahi kana rubuta wa Shagari?” Har yau kuwa ba ta gama da ni ba.

Babu abin da zan yafe miki. Aikinki ya yi kyau, rigar daren ma ta fi ta rana. Ki miƙa wa malamai.

Na je wurin Liman kamar yadda kika nema. Na yi masa bayanin riga biyu, da tawada mai duhu, da baƙin allo. Ya saurara da haƙuri har na gama, ya ce, “Wato wayar ce ke da dundumi?” Na ce ba haka ba, na sake farawa daga farko. Ina tsakiyar bayani na ga yana dubana da tausayi. Ya dafa gwiwata ya ce, “Malam, babu kunya ga ciwo. Amma in kana son wurinka, kai ka hwaɗa wa Shamsuddeen da bakinka, ni ba ni iyawa.”

Na tafi gidan Shamsuddeen da niyyar faɗa masa. Tun daga zaure na jiyo shi a ciki yana bita, yana maimaita aya ɗaya, yana gyara numfashi a inda na koya masa tsayawa. Mahaifiyarsa ta fito, tsohuwa ce ƙwarai, ta durƙusa tana mini godiya, ta ce ba ta zaci za ta rayu ta ji muryar ɗanta a lasifikar masallacin nan ba. Na zauna, na sha ruwa, na gyara masa madda guda biyu, na tashi. Maganar da na yi a gaban dattawa aka shafa, na bar ta yadda take. Ban ce miki abin bai yi mini ciwo ba. Ya yi, yana kuma yi.

Abin da ya rage shi ne unguwa duka ta san Malam Abdulƙadir ba ya gani. Na faɗa wa mutum uku cewa ina gani, kowannensu ya ce Allah ya ƙara sauƙi. A ƙofar masallaci akwai mai juya mini takalma.

Daren farko na tafsiri na zauna a sahu na biyu, inda ban taɓa zama ba. Shamsuddeen ya ja baƙi. Bai yi kuskure ba. Da aka tashi ya ratso jama'a ya kama hannuna, ya ce shi zai kai ni gida, kuma haka zai riƙa yi har Salla. Na so in zare hannun, na ga mutane suna kallo, na bar masa.

Muna tafe yana ta tambayata yadda karatun ya yi, idonsa a kan fuskata. A kwanar gidan mai niƙa an haƙa rami za a sa bututun ruwa, ba a rufe ba. Na hango shi tun daga nesa. Saura taki ɗaya ya faɗa, na fizgo shi gefe. Ya tsaya yana duban ramin, ya dube ni, ya ce, “Ikon Allah. Malam, har ka haddace hanya.”

Na ce masa, “Riƙe ni da kyau, Shamsuddeen, akwai wani a gaba.”

Wassalam.

Kakanki,
Abdulƙadir